Ka Dubi Bakina

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na zauna a tashar Kalgo, "Haliru, yaya teku?" In na je Masama ɗaurin aure, "Haliru, wai da gaske akwai kifin da ya fi tirela?" To, ga shi na rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ku ƙyale ni in huta. Amma in gaya muku tun yanzu, tekun da kuke tambaya ban gan shi sosai ba. Aikin da na je koyo a can ƙasan jirgi ake yin sa, a ɗakin inji, inda babu taga ko ɗaya.

Ga wanda bai san ni ba, ni ɗan Malam Usman Mai'inji ne, mai injin niƙa a bayan kasuwar Gwandu. Baba ya fi shekara ashirin yana tsaye a kan injin nan daga safe zuwa la'asar. Da na gama makarantar koyon sana'a na yi shekara biyu ina gyaran injinan ban ruwa a fadamar Kalgo da Diggi. Kawu Ɗanjuma, ƙanen marigayiya mahaifiyata, wanda ya yi gadi a tashar jiragen ruwa ta Ikko har ya yi ritaya, shi ya samo mini takardar shiga horon. Tsarin kuwa ba wuya a gane shi: wata uku a makaranta a tudu, wata uku a cikin jirgi. In babban injiniya ya sa hannu a littafinka, ka zama ma'aikacin ɗakin inji. In bai sa ba, ka koma gida yadda ka fito.

Kawu ne ya je Gwandu ya nemo mini izini. Shi mutum ne mai murya, in yana hira a Kalgo sai ka ce mutanen Jega yake yi wa. Ya dawo ya ce, "Ya amince." Na yi murna, amma ina so in ji daga bakin mai bakin.

Ranar tafiya da hantsi na sami Baba shi kaɗai a zaure. Na durƙusa, na sunkuyar da kai, na yi ƙasa da murya yadda aka koya mana, na ce, "Baba, zan tafi. Ka yafe mini, ka sa mini albarka."

Shiru. Na sake faɗa. Ina kallon ƙafarsa a kan buzu, ina jira. Can sai ya ce, "In kab bi ta Kalgo, ka ce ma Ɗanjuma bel ɗin da ya aiko ya yi gajere."

Bel! Ni ina roƙon albarka, shi yana maganar bel ɗin inji. Na ce to, na ɗauki akwatina na fita. Tun rasuwar mahaifiyata dama ya rage magana da mu, muna cewa tsufa ne ko kewa. Amma ran nan na ce a raina, wannan fushi ne, bai so tafiyar ba, kunyar Kawu ya ji. Daga nan na ƙudurta ba zan sake shiga zauren nan ba sai da littafi mai sa hannu, ko da ganinsa zai huce ya faɗi abin da ya hana ni.

A Kalgo na kwana. Inna Hajo, matar Kawu, ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli da yaji da busasshen kifi rabin buhu. Ta ce, "Amshi wanga kihi, kada ka tai can ka rasa abin miya." Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce teku fa za shi, Hajo. Ta ce ita ba ta san teku ba, ta san yunwa. Haka na ɗauki kifin gulbinmu na nufi teku da shi.

Daga Jega muka shiga wata tsohuwar bas. Yawuri, Kwantagora, duk ina gida, don kowa Hausa yake yi. Kafin Makwa taya ta fashe, ashe safayar ma ba iska. Muka yi rabin wuni a gindin mangwaro, ni na taya direba kwance ƙafar, ya saka mini da goro ɗaya da kiran "injiniya". Wannan ne karo na farko da aka kira ni haka, kuma wallahi na ji daɗi. Da muka haye gadar Jabba sai Hausa ta fara ragewa a kunnena kaɗan-kaɗan. A Sabo ta Badun na ci tuwo na ƙarshe. Da na sauka a Ikko na yi wa mutum uku sallama in tambayi hanya, ba wanda ya tsaya.

Makarantar tana bakin ruwa. Mu goma sha biyu a ɗaki, ni kaɗai ne ɗan Arewa, don haka sunana ya ɓace, na koma "Aboki". Kwana biyu ɗakin ya ɗauki ƙarnin kifin Inna. Da suka gano daga inda yake fitowa suka yi ta dariya har da kiran na maƙwabta su zo su ga wanda ya kawo wa teku kifi. Amma sati bai cika ba buhun ya ƙare, kuma ba ni kaɗai na cinye shi ba. Abincinsu teba ce safe da rana, da wata miya mai ƙananan dodon-koɗi da ake tsotsa ana tofar da ɓawon. Na yi ƙoƙari, na kasa. Gaisuwarsu kuma kalma ɗaya ce a kan tafiya. Ni na saba in tambayi kwana da gajiya da gida da aiki, sai in ɗago in ga mutumin ya kai ƙofa. Daga baya na daina.

An koya mana kashe gobara, da saukar da kwalekwalen ceto, da sunayen abubuwan da ke ɗakin inji. Ranar iyo malamin ya ware ni gefe ya ɗaura mini rigar ceto biyu, wai 'yan Arewa ba su san ruwa ba. Ni da na yi wanka da 'ya'yan masunta a gulbin Kalgo! Na cire rigunan na faɗa, na riga kowa isa ƙarshe. A aikin hannu ma ba wanda ya fi ni. In aka ba mu famfo mu kwance, ina gamawa wasu suna neman sifana. Sai dai in an tashi, kowa ya bi 'yan yarensa, ni in je bayan ɗakin karatu in shimfiɗa kwali in yi salla ni kaɗai. Na rubuta wa Baba wasiƙa biyu, duka na yaga su, don ban san me zan ce wa mai fushi ba.

Bayan wata uku aka raba mu jirage. Nawa na ɗaukar kaya ne, yana zirga-zirga tsakanin Ikko da Tema da Abijan. Matsayina shi ne na can ƙasa: goge inji, share baƙin mai, duba agogunan zafi, miƙa kayan aiki. Ranar farko da na sauka matakalar ƙarfen nan, hawa huɗu zuwa ƙasa, tabɗi! Injin gidanmu silinda ɗaya gare shi. Wannan kowace silinda mutum zai tsaya a cikinta. Zafi kamar gindin murhu, ƙara kuwa ba a kunne kaɗai kake jin ta ba, har a haƙora. Aka ba ni abin toshe kunne, aka ce kada in cire.

Mai ba ni umarni shi ne injiniya na biyu, ana ce masa Sakan, wani dogon mutumin Fatakwal mai saurin fushi. Mai nuna mini aiki kuma wani tsoho ne ɗan Gana, Papa Kwesi, wanda ya shekara talatin yana ba injin jirgi mai da giris. Ya taso kusa da zango, unguwar Hausawa, a garinsu, yana da 'yar Hausa irin wadda mace da namiji duk "ya" ne. Da ya ce mini "Sannu, yaya gida?" na kusa yin hawaye, don rabona da jin haka tun Badun. Sai dai hira da shi ba ta tafiya. Injin ya cinye masa kunne. In kana magana sai ya karkata kai gefe ya ƙura wa bakinka ido. In bai gane ba, ba zai ce bai gane ba, sai ya gyaɗa kai ya kawo wata magana daban. Na taɓa tambayarsa ko yana da 'ya'ya, ya ce mini gobe za a wanke matatar mai.

A Tema jami'an shige da fice suka hau jirgi, aka jera mu, kowa da fasfonsa. Da aka zo kaina jami'in ya duba hoto, ya dube ni, ni kuwa ina kallon takalminsa, don a shekaru ya haife ni. Ya ce in ɗago. Na ɗago kaɗan na mayar. Sai ya fara zargin ko fasfon ba nawa ba ne, har sai da kyaftin ya sa baki. Ban sauka gari ba. Abin da na gani na Gana buhunan koko ne da wata akuya a bakin tasha.

Da na ɗauki wannan izina da ban shiga abin da na shiga ba. Ku saurara da kyau, don nan ne labarin yake. A ɗakin inji akwai doka: in babba ya ba ka umarni, ka dube shi cikin ido, ka maimaita masa abin da ya ce da ƙarfi, kalma bayan kalma, sannan ka tafi. An faɗa mana a makaranta, na rubuta a jarrabawa na ci. Amma yi? Haba! A Gwandu ka tsaya ka zuba wa babba ido, ka kwaikwayi maganarsa, da ihu kuma? Ai kafin ka rufe baki an rufe maka shi. Don haka in Sakan ya yi magana sai in sunkuyar da kai in ce "Yes sa", in tafi in yi abin da nake zato. Da yake na san inji, zatona yana yawan dacewa. Ban san rabin maganar wurin da hannu da baki ake yin ta ba, wanda ya kalli ƙasa bai ji komai ba.

Wata safiya muna tsakiyar ruwa, tsakanin Abijan da Tema, Sakan ya kira ni. Abin da ya ce, daga baya na ji, shi ne in buɗe bawul, wato mabuɗin ruwa, na famfo na biyu mai sanyaya janareto, kafin a kashe na farko a gyara. Ya ma ɗaga yatsu biyu, amma ina kallon ƙasa. Abin da na tsinta cikin ƙara "bawul" da "famfo". Na ce "Yes sa", na je na rufe na farko.

Ba a daɗe ba ƙararrawa ta ɗauka. Janareto ya yi zafi ya kashe kansa, wuta ta ɗauke, babban inji ya bi baya. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Jirgi mai mutum talatin da kaya maƙil yana lilo a ruwa ba mai tuƙa shi, saboda ɗan Mai'inji. Suka yi ta guje-guje da tocila har aka tayar da wani janareton. Allah ya tsare, ba wanda ya ji rauni.

Aka kai ni gaban Cif, babban injiniya. Me kuke tsammani na yi? Na durƙusa na sunkuyar da kai, don in nuna na san na yi laifi. Wannan ya ƙara tunzura Sakan. Ya ce, "Ka gani ko? Ko yanzu ba zai dube mu ba. Raini ne ko wauta, ni ban sani ba." Cif bai ɗaga murya ba. Ya ce hannuna yana da kyau, amma mutumin da ba a san ko ya ji ba, wata rana sai ya kashe wani. Saura sati uku mu koma Ikko. In abin bai canza ba, ba zai sa hannu ba.

Ranar ban ci abincin rana ba. Na hau sama na zauna a bayan bututun hayaƙi, ruwa ta ko'ina, ba wanda zan gaya wa. Na tuna zauren gidanmu. Na bar shi ba albarka, zan koma masa ba littafi. Na yi kuka, ba na ɓoye muku, na kuma ji haushin kowa, har da Kawu da ya samo takardar.

Nan Papa Kwesi ya same ni. Ya zauna ya tambaye ni me ya sa nake ƙin kallon mutane. Na fara bayani kaina a ƙasa. Sai kawai ya sa yatsansa mai baƙin mai a haɓata ya ɗaga. Ya ce, "Ka dubi bakina. Ni ma in dubi naka. Wata biyu kana yi wa ƙasa magana, ni ban ji ko ɗaya ba." Na yi masa bayani ina kallonsa, da ƙarfi, cewa a wurinmu ladabi ne. Ya ce ya san haka, a zango ma haka suke. Ya ce, "Amma a ƙasa can, ladabi shi ne mutum ya san ka ji shi."

Kullum bayan aiki ya riƙa ba ni umarnin ƙarya ina maimaitawa. "Kawo sifana sha bakwai." "In kawo sifana sha bakwai!" In idona ya zame, yatsan nan ya dawo haɓata. Ranar da na fara yi wa Sakan, ji na yi kamar na zage shi. Na jira mari. Sai ya ɗaga babban yatsa ya juya abinsa.

Saura kwana biyu mu iso Ikko, Sakan ya kira ni a gaban Cif ya ce in rufe bawul ɗin famfo na biyu. Na dube shi na maimaita. Sai na tuna na farko a kwance yake ana gyara. Na ce, "A'a, sa! In na rufe, janareto zai yi zafi!" A rayuwata ban taɓa ce wa babba a'a ba sai ran nan. Suka dubi juna. Ashe gwaji ne. Washegari Cif ya sa hannu. Da zan sauka Papa Kwesi ya ba ni tsohuwar sifanarsa. Na yi masa godiya, ya gyaɗa kai ya ce in yi hankali da matakala.

Aka ba ni hutun wata ɗaya kafin a kira ni jirgi. Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta, barci na yi ta yi. A Kalgo Kawu ya ɗaga littafin sama yana nuna wa duk wanda ya wuce, Inna Hajo kuma ta tambaya ko kifin ya isa. Da azahar na shiga Gwandu.

Baba yana zaure shi da ƙanensa, Baffa Garba. Na durƙusa na gaishe su, na miƙa littafin hannu biyu. Baba ya juya shi, ya mayar mini. Ya ce, "Shiga ka gai da mutanen gida. In an yi la'asar ka taho ka duba mani injin, tana cin mai."

Wallahi ban shirya ba. Abin da na saba yi sati uku ne ya riga ni. Kaina ya ɗago da kansa, na dube shi cikin ido, na ɗaga murya yadda ake yi a ƙasan jirgi: "In shiga in gai da mutanen gida! In an yi la'asar in zo in duba injin, tana cin mai!"

Baffa ya zabura. "Kai! Mi na haka? Abin da kak koyo can ke nan? Ubanka kaka yi ma tsawa?"

Na so in nutse. Amma kafin in mayar da kaina ƙasa na ga abin da ban taɓa gani ba, don ban taɓa kallon fuskar Baba daga kusa haka ba. Ya karkata kai gefe. Idonsa yana kan bakina. Sak Papa Kwesi.

Sai na gane. Shekara ashirin a kan injin niƙa. A wurin inji kowa ihu yake yi, ba mai lura. A gida kuma duk muna yi masa raɗa muna kallon ƙasa, shi kuwa ba zai iya ce wa ɗansa "me ka ce?" ba. Kawu mai murya kaɗai yake ji.

Baba ya ɗaga wa Baffa hannu. Ya ce, "Ƙyale shi, Garba. Na daɗe ban ji muryar ɗa nawa ba."

Na matsa kusa har gwiwata ta taɓa buzunsa. Ban sauke ido ba. Na ce da ƙarfi, "Baba, ranar da zan tafi na roƙe ka ka yafe mini, ka sa mini albarka. Sau biyu."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Kai ka roƙa? Na ga ka durƙusa, na yi ta jira ka yi magana, ban ji komi ba. Shi ya sa na kawo zancen bel, ko ka ƙara zama kaɗan." Ya goge fuska da hannun riga. "Wata shidda ina zaune nan ina cewa, Haliru ya tahi bai yi mani bankwana ba."

Baffa ya tashi ya fita. Baba ya ɗora hannunsa a kaina ya sa mini albarka, doguwa, har da jikokin da ban haifa ba. Da ya gama na ce amin a hankali, kaina a ƙasa. Sai na ji yatsansa a haɓata, ya ɗago ni. Ya ce, "Mi kac ce?"

Na dube shi na ce, "Amin, Baba!" har aka ji a cikin gida.